Memori na ƙarewa alhali rumbun Java bai cika ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da manhajar Java mai sarrafa hotuna ta hanyar wani laburaren C. Na sa -Xmx a gigabait 2, rumbun (heap, memorin da Java ke ajiye abubuwanta a ciki) ko rabi bai taɓa kaiwa ba, amma duk bayan kwana biyu sai Linux ya kashe manhajar, wai ta cinye memori. To ina amfanin mai kwashe shara (garbage collector), wanda aikinsa sakin memorin da aka daina amfani da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mai kwashe shara ba shi da laifi, iya inda idonsa ya kai yake sharewa. -Xmx rumbun Java kaɗai ya yi wa iyaka. Abin da laburaren C ya ɗebo da malloc, wato aikin da C ke neman memori da shi, yana can waje, ba ya cikin lissafin.

Kowane hoto a ɓangaren Java ɗan ƙaramin abu ne da ke riƙe da adireshi, amma a bayansa akwai, a ce, megabait 30 a hannun C. Hoto 100 sun kama gigabait 3 ke nan, rumbu kuwa ko a jikinsa. Shi kuma mai kwashe shara sai wuri ya matse masa yake tashi aiki. Tunda bai ji matsi ba sai ya yi zamansa, memorin waje na ta taruwa har Linux ya gaji.

Kada ka jingina da finalize(), wato aikin da Java ke kira kafin ta share abu. Tun Java 9 aka ce a guje shi, a Java 18 aka sa shi a layin cirewa. Cleaner, ajin da aka kawo a madadinsa, ya fi shi tsabta, sai dai shi ma jiran mai kwashe shara yake, don haka matsayinsa na ko-ta-kwana ne kawai. A ganina gyaran ɗaya ne: wanda ya ɗebo shi zai mayar. Ka sa ajin hoton ya zama AutoCloseable, close() ya kira aikin sakin memori na laburaren, ka riƙa buɗe shi cikin try-with-resources, tsarin da ke kiran close() da kansa, wanda yake nan tun Java 7. In kana kan Java 22, Arena.ofConfined() na sakin duk abin da aka ware ta cikinsa da zarar an rufe shi.

Wajen bincike, kunna -XX:NativeMemoryTracking=summary ka duba da jcmd, kayan binciken da ke zuwa da Java. Amma a kula, abin da JVM, injin da ke tafiyar da Java, ta ware da kanta yake nunawa, ba ya ganin malloc ɗin laburarenka. In lissafinsa na tsaye alhali memorin manhajar na hawa, to yoyon daga ɓangaren C yake, sai ka bi sawunsa da jemalloc, madadin malloc mai iya nuna inda ake ɗebo memori.