Amsa ga Yaya: abin da na gani a litattafan 'ya'yan Sinawa game da uwa da 'yarta

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Alhaji da yara da sauran mutanen gida.

Na ji saƙonki, kuma na fahimci abin da ya tsaya miki a rai tun zuwanmu Kano da Babbar Sallah. Kin ce kin ga 'yar farina ta dube ni ido cikin ido tana tambayata dalilin da ya sa na hana ta fita, ni kuma maimakon in tsawata mata sai na tsaya ina yi mata bayani, har ina kiran sunanta a gaban jama'a. Kin tambaye ni ko haka duk Hausawan Amurka suke, ko kuwa ni ce na yi sake. Tambayarki a kan hanya take, kuma ba zan ce miki babu abin da ya canza ba. Sai dai zan bi da ke ta doguwar hanya, ta kan litattafan da 'ya'yan Sinawa mazauna wannan ƙasa suka rubuta game da iyayensu mata, domin a can na fara ganin damuwata a rubuce.

Sinawa sun riga mu zuwa nan da fiye da shekara ɗari. Mazansu ne suka fara isowa Kaliforniya neman zinariya, kuma su ne mafi yawan leburorin ɓangaren yamma na layin dogon da ya ratsa ƙasar, wanda aka kammala a 1869. Sakayyar da suka samu ita ce dokar 1875 da ta kusan rufe wa matansu ƙofa, sai ta 1882 da ta hana leburorinsu shigowa, wadda ba a soke ta ba sai a 1943. Shi ya sa unguwanninsu suka daɗe cike da gwauraye, mata ba su fara zuwa da yawa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ƙofa ta ƙara buɗewa da dokar shige da fice ta 1965. Matan da suka zo a wancan zamanin sun baro yaƙi da yunwa da auren dole, sun haifi 'ya'ya a ƙasar da ba su ji harshenta sosai ba, kuma waɗannan 'ya'yan ne suka girma suka ɗauki alƙalami.

Wanda ya fi shahara a cikin litattafan shi ne The Joy Luck Club na Amy Tan, wadda aka haifa a Oakland a 1952, littafin kuma ya fito a 1989. 'Yar tawa ce ta shigo da shi gida lokacin da aka ba su karatunsa a makarantar sakandare. Labarin iyaye mata huɗu ne a San Faransisko, waɗanda suke haɗuwa su ci abinci su yi wani wasa nasu na gargajiya, kamar yadda muke haɗuwa ranar kwasar adashi, da kuma 'ya'yansu mata huɗu da suke ganin iyayen nasu ba su iya komai ba sai kushe da takura. Ɗaya daga cikin iyayen ta ajiye tagwayenta jarirai a bakin hanya lokacin da take gudun sojojin Japan, kuma 'yar da ta haifa a Amurka ba ta san cikakken labarin ba sai bayan rasuwar uwar. Akwai wurin da na yi dariya har da hawaye: wata uwa ta kawo girkin da ta fi alfahari da shi tana kushe shi da bakinta, tana jiran a ƙaryata ta, sai Baturen da yake neman 'yarta ya ɗauka da gaske take yi, ya kama zuba wa abincin ruwan ɗanɗano don ya gyara mata. Ki tuna yadda Inna take ajiye wa baƙo tuwo tana cewa a yi haƙuri miyar ba ta yi ba, sannan ki ƙaddara baƙon ya amsa mata da cewa lallai kuwa.

Abin da na fahimta shi ne, kunya da kawaici irin namu magana ce da ake yi ba da baki ba, amma sai inda ake da masu fassara ta take isa ga wanda aka yi wa. Ke kanki 'yar fari ce, Yaya, kuma har Inna ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kiran sunanki ba, ba ta kuma taɓa yabonki a gabanki ba. Duk da haka ba ki taɓa shakkar ƙaunarta ba, domin Gwaggo tana nan, kakarmu tana nan, matan tsakar gida suna nan, kowa yana gaya miki cewa kunyar ɗan fari ce, kuma kina ganin haka ake yi a kowane gida na unguwarmu. Ni kuwa a hawa na biyar na reni 'yar tawa a unguwar Bronx ta birnin New York, daga ni sai mahaifinta sai ƙannenta, malamarta tana yabonta kullum, iyayen ƙawayenta suna furta musu ƙauna da safe da yamma. Tana da shekara 14 ta same ni a kicin ta tambaye ni laifin da ta yi mini, tun da ina kiran sunan kowa ban da nata. Ranar ban runtsa ba. Washegari na zaunar da ita na bayyana mata al'adar tun daga tushe, daga nan kuma na fara kiran sunanta, domin na ga alkunyar da nake yi don girmama ta ƙiyayya take karantawa a ciki.

Kada ki ɗauka mun watsar da komai. Hausawan da muke tare a nan daga wurare da yawa suke, akwai 'yan zangon Nima da na Kumasi a Gana, akwai mutanen Maraɗi da Damagaram, ga mu 'yan Najeriya, kuma abin da ya haɗa mu ya fi ƙarfin abin da ya bambanta mu. Asabar da Lahadi yara suna Islamiyya, kamar yadda 'ya'yan Sinawa suke zuwa makarantar koyon Sinanci a ƙarshen mako. Ana raɗa suna ranar bakwai, taron ne kawai ake ɗagawa zuwa ranar da ba a aiki. Idan yarinya ta haihu kuma uwarta ba ta samu biza ba, manyan mata ne suke karɓa-karɓa wajen wankan jego da dama kunun kanwa har a yi arba'in, kuma na yi mamaki da abokiyar aikina Basiniya ta gaya mini cewa su ma mai jego wata guda take yi a ɗaki, ana ba ta abinci mai ɗumi ana hana ta shan sanyi. Ko hutun makaranta kusan tare muka samu, domin a 2015 ne hukumar birnin New York ta sa Sallah biyu da sabuwar shekarar Sinawa cikin ranakun da ake rufe makarantun gwamnati.

Inda abin ya fi ciwo shi ne harshe. Uwa tana magana da Hausa 'ya tana amsawa da Turanci, kuma a gidaje da yawa yarinya 'yar shekara goma ce take yi wa mahaifiyarta tafinta a asibiti ko a ofis, ta ji abin da a gida ba za a taɓa faɗa a gabanta ba. Yarinyar da ta saba tsayawa tsakanin uwarta da likita da wuya ta sunkuyar da kai idan ana magana, kuma wannan ne kika gani kika kira shi tsaurin ido.

Ban yarda da duk abin da ke cikin litattafan ba. 'Ya'ya ne suka riƙe alƙalamin, saboda haka sau da yawa uwa takan fito da gurɓataccen Turanci da camfe-camfe, kuma a cikin Sinawan kansu akwai marubuta irin su Frank Chin da suka zargi masu irin wannan rubutu da siffanta al'adarsu yadda zai burge Turawa. Sannan mu muna da igiyar da ban gani a labaran ba, wato addini, domin yarinyar da Hausarta ta yi rauni ta ji a Islamiyya yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci uwa sau uku kafin uba, kuma wannan yana dawo da ita ko da gardama ta yi zafi.

Tun da 'yar tawa ta gama littafin take damuna da tambaya game da Inna: a wace unguwa aka haife ta, shekararta nawa aka yi mata aure, 'ya'ya nawa ta binne. Da yawa ban san amsarsu ba, domin ni ma ban taɓa tambaya ba. Ke ce kika fi daɗewa da ita, saboda haka ina roƙonki idan ta kira ki ranar Lahadi ki daure ki ba ta labarin, ko da Hausar tata za ta ba ki dariya. Ki gaida Gwaggo, ki ce mata kanwa da daddawar da ta aiko sun iso.

Taki ƙanwa.