Me ya sa imel ba ya fita daga sabarmu ta Debian?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Birni, nan Damagaram. Na ɗora Debian (wani nau'in Linux) da Exim (manhajar aika imel) a kan wata na'ura domin ta riƙa aika wa iyayen yara sakamakon jarrabawa, amma duk saƙon da ya nufi Gmail sai ya dawo, alhali na cikin gida yana isa. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, na'urarka lafiyarta ƙalau, domin da gangan Debian ta tsara hakan. Exim, manhajar da Philip Hazel ya fara rubutawa a Jami'ar Cambridge a 1995, tana zuwa ne a Debian da saitin rarraba saƙo a cikin na'ura kawai, kuma ba ta sauraron kowa sai adireshin na'urar kanta, wato 127.0.0.1 da ::1. A ganina hikima ce, saboda sabar da aka bari a buɗe ga duniya ba ta daɗewa masu watsa saƙonnin banza suke mayar da ita jakinsu, daga nan kuma a jefa adireshinku cikin jerin waɗanda ake ƙin karɓar saƙonsu.

Ka shiga a matsayin root, wato asusun mai cikakken iko a na'urar, ka buga dpkg-reconfigure exim4-config, sannan ka zaɓi aikawa ta smarthost, wato wata babbar saba da za ta isar da saƙon a madadinku. Kada ka zaɓi aikawa kai tsaye, domin kamfanonin intanet da yawa suna toshe ƙofa (port) ta 25, wadda ake bi wajen aika imel kai tsaye, manyan masu karɓar imel kuma ba su cika amincewa da adireshin da ke sauyawa ba. Wurin rubuta sunan sabar ne mutane suka fi yin tuntuɓe: ana raba sunan da lambar ƙofa da ɗigo huɗu (::), kamar smtp.gmail.com::587, domin ɗigo biyu (:) a wurin Exim alamar raba jeri ce. Sunan asusu da kalmar sirri suna shiga /etc/exim4/passwd.client. Idan saƙo ya sake maƙalewa, /var/log/exim4/mainlog zai nuna maka dalili.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake tsallake bayanin da ya zo tare da manhajar. Ka buɗe /usr/share/doc/exim4-base/README.Debian.gz da umarnin zless ka karanta shi a natse. Yana nan a kan faifanka ko da intanet ta yanke, kuma ya dace da sigar da ka ɗora.