In biya manomi kuɗin kayan lambu tun kafin ya yi shuka?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekararmu biyu da zama a Amurka, ni da maigida da yara uku. Maƙwabciyata ta dame ni in shiga wani tsari da suke kira CSA, wai a biya manomi kuɗi a dunƙule tun cikin hunturu, sannan kowane mako a je a karɓo kwali guda na abin da gonar ta bayar. Maigida ya ce wannan cinikin biri a sama ne. Ni kuwa kayan da take kawowa suna ba ni sha'awa. In shiga?
Mai karatu daga jihar Massachusetts

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Maigida na da gaskiyarsa, kuma gara ki ji ta tun yanzu. Idan kin biya kuɗin nan, rabo kika saya a cikin daminar manomi. Albarka ta sauka, kwalinki ya cika har ki rasa inda za ki sa. Ƙanƙara ko tsutsa ta yi ɓarna, asarar taku ce tare, kuma yawancin gonakin ba sa mayar da kuɗi.

Ni na ɗanɗana. A 2009 aka yi ta ruwa da sanyi a arewa maso gabashin Amurka, wata cuta ta bi gonaki ta cinye tumatir. Gonar da nake ciki lokacin, duk tsawon Agusta ban ga tumatir da zai cika hannu biyu ba. Matar manomin ce ke raba kwalaye ranar karɓa, kanta a sunkuye tana ba kowa haƙuri, ta ƙara mana kabeji da karas a madadi. Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba, amma shekara ta zagayo na sake biya.

Dalilin biya da wuri a fili yake. Manomi na buƙatar kuɗin iri da taki da ma'aikata tun bai sayar da ko ganye ɗaya ba, kuma in ba ku ba, sai bashin banki. A Japan, inda suke kiran tsarin teikei, matan gida ne da suka tsorata da maganin feshi suka nemi manoma kai tsaye. A Amurka kuwa a 1986 aka fara, a gonaki biyu, ɗaya ma a jiharku take, wato Indian Line Farm. Faransa ta bi sahu a 2001 da nata mai suna AMAP.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne tukunya. Yawanci ba ke za ki zaɓa ba, ƙasa ce za ta zaɓa miki. A yankinku ana rabon wajen mako 20, daga Yuni zuwa Oktoba. Makonnin farko ganye ne a kan ganye: latas, alayyafo, da wasu da ba ki taɓa jin sunansu ba. Tumatir da tattasai sai tsakiyar zafi, kabewa da dankali sai kaka. Shekarata ta farko na yi zari na ɗauki cikakken rabo, na wayi gari aljihun firji ya zama ruwa-ruwa, na kwashe na zubar ina jin kunyar kaina. Sai daga baya na koyi wanke ganye a ranar da ya iso, in ɗan sulala shi a ruwan zafi, in ƙulla a leda in jefa firiza.

Don haka ki fara da rabin rabo, ko ki haɗa gwiwa da maƙwabciyar nan ku raba kwali. Kafin ki sa hannu, ki tambayi manomin wace rana ake karɓa da kuma ina, domin tafiya mai nisa duk mako tana gajiyarwa. Ki tambaya me ake yi da kwalinki in kun yi tafiya, da ko ana biya kashi-kashi. Wasu gonakin suna rage kuɗi ga wanda zai zo ya taya cire ciyawa ko girbi na 'yan awoyi.

Shi kuma maigida, ki roƙe shi ya kai ku gonar ranar da suke buɗe wa baƙi. Ku tafi da yaran, a sa musu takalman da ba ki jin tausayi.