Amsa ga 'yar'uwarmu ta Jidda kan rawar hannun Baba da mantuwarsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce shekararsa 74, hannu na rawa, ga mantuwa ta shigo, alhali kawunki da ciwon Parkinson (ciwon ƙwaƙwalwa mai sa rawar jiki da jinkirin motsi) ya kama yana ɗan 45 har yau hankalinsa garau yake. Kina tambayar me ya sa suka bambanta.

Shekarun da ciwon ya fara suna da tasiri ƙwarai. Wanda ya kama kafin 50 yakan daɗe tunaninsa bai taɓu ba. Abin da ya fi damunsa shi ne murɗewar ƙafa, da fizge-fizgen jiki da maganin Parkinson mai suna levodopa kan jawo bayan wasu shekaru. Wanda ya kama bayan 70 kuwa, jan ƙafa da faɗuwa da rikicewar tunani sukan zo da wuri.

Amma don Allah ki tuna wanne ya riga. Idan mantuwar ta riga rawar, ko ta biyo ta cikin shekara ɗaya, likitoci sun fi zargin ciwon Lewy, wato wani ciwon mantuwa da ke kama da Parkinson. Shi ya kama mahaifiyata a nan Makka. Da safe ta gane kowa, da la'asar ta ce ga yara zaune kan darduma, har tana miƙa musu dabino. Cikin barci kuma sai ta riƙa kai duka. Mun ɗauka iska ce, muka daɗe ba mu je asibiti ba, abin na cin raina har yau.

Ki rubuta watan da kowace alama ta fara, ki kai wa likitan ƙwaƙwalwa. Idan Baba na gane-gane, ki faɗa wa likitan tun kafin ya rubuta magani, domin magungunan gane-gane irin su haloperidol kan sandarar da jikin masu ciwon Lewy, har ya kai ga haɗari.