Ɗana, ga amsar tambayarka kan gudu da karɓar kuɗi

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki da jin cewa ka shiga tseren mita 1500 a makarantarku. Ka ce malaminku ya faɗa muku cewa a da abin kunya ne ɗan tsere ya karɓi ko sisin kwabo, kana so ka ji ko gaskiya ne, kuma daga ina al'adar ta fito. Gaskiya ya faɗa maka. Na san zai yi maka banbarakwai, tunda ka tashi kana ganin ana yi wa ɗan dambe kari a fili, babu mai cewa ya zubar da mutuncinsa.

Al'adar ta Ingila ce. Kafin 1900, gudu kala biyu ne a can. Akwai na talakawa, ana sa kuɗi, ana caca a kai. Akwai na 'ya'yan manya a jami'o'in Oxford da Cambridge, masu cewa su don sha'awa suke yi. Na biyun ne suka rubuta doka, har wasu ƙungiyoyinsu na farko suka hana leburori da masu sana'ar hannu shiga. An cire wannan sharaɗin a 1880, amma aka bar na kuɗi. Dubi Walter George. Ya bar sahun 'yan sha'awa don ya kara da William Cummings, kuma a 1886 ya yi mil ɗaya cikin minti 4 da daƙiƙa 12 da 'yan kai. Sai a 1915 Norman Taber na Amurka ya kamo shi, amma saboda George ya karɓi kuɗi, ba a sa nasa a littafin 'yan sha'awa ba.

Da aka fara gasar Olamfik a 1896, wannan dokar aka ɗauka. A 1912 a Stockholm aka kafa hukumar tsere ta duniya, ƙarƙashin Sigfrid Edström ɗan Suwidin, kalmar sha'awa ma tana cikin sunanta a lokacin. A gasar shekarar, Ted Meredith na Amurka ya ci mita 800 cikin 1:51.9, Arnold Jackson, ɗalibin Oxford, ya ci nisanka cikin 3:56.8.

Ba zan ɓoye maka alherinta ba. A Antwerp a 1920, Albert Hill ɗan Ingila yana da shekara 31 ya ci mita 800, ya dawo ya ci 1500. Philip Baker, ɗan ƙasarsu, ya bi gefensa yana kare shi daga abokan hamayya, ya haƙura da azurfa. Wannan Baker ɗin ne ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1959. Irin wannan hali nake so in gani a wurinka.

Amma labarin da ke sosa mini rai shi ne na Paavo Nurmi ɗan Finlan. Ɗan kafinta ne a garin Turku. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya bar makaranta ya kama aikin aike don ya taimaki gida. Shi ne yake gudu da agogo a hannu, yana auna kowane zagaye, alhali sauran suna ta da ƙura tun farko su gaji a ƙarshe. A Paris a 1924 ya ci mita 1500 cikin 3:53.6, bai gama hutawa ba ya koma ya ci mita 5000 a yammacin nan. Zinare tara ya tara a Olamfik. A 1925 ya zaga Amurka, ya yi tsere sama da 50 cikin 'yan watanni, mutane suna biyan kuɗin ƙofa don su gan shi. Kuɗin nan aljihun wa ya shiga? Masu shirya wasa suka ci riba, shi kuma doka ta ce kuɗin tafiya da abinci kaɗai ya halatta masa. A 1932 aka zarge shi da karɓar fiye da haka. Ya je har Los Angeles da niyyar gudun yada ƙanin wani, aka hana shi taka fili.

A shekarar nan aka kori Jules Ladoumègue na Faransa kan laifi iri ɗaya, mutumin da ya fara yin mita 1500 ƙasa da 3:50 a 1930.

Ni a ganina, dokar ta yi maganin caca da sayar da tsere, amma nauyinta a kan marar hali ya faɗa. Mai gado ba ya jin ta. Ɗan kafinta kuwa sai ya zaɓa tsakanin abinci da suna. Shi ya sa kuɗin ya koma bin bayan fage, kowa ya sani, ana kama wanda aka ga dama. Sai bayan 1980 aka fara sassautawa. Mutanen Finlan dai ba su juya wa Nurmi baya ba, shi suka ba wutar Olamfik ya shigo da ita filin Helsinki a 1952.

Ka rubuto mini lokacin da ka yi a tserenka na farko. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka