Tambaya da Amsa: Dole ne sai na ɗauki bare aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗan injin casar shinkafa nan Jega, ma'aikata 14 kuma duk 'yan gidanmu ne, ƙannai da ɗiyan 'yan uwa. Yarona da ya gama karatu ya matsa min wai in riƙa ɗaukar mutane kala-kala, mata da wasu ƙabilu har da masu buƙata ta musamman, wai akwai riba ciki. Ni dai na san naka sai naka. Don Allah mi ne ne amfanin wanga abu ga ɗan kasuwa irina?
Wani Alhaji, daga Jega, jihar Kebbi

AMSA: Wa alaikumussalam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ai karin maganar ba ka ƙarasa ta ba, naka sai naka, daɗin zama sai bare. Kuma riƙe zumunci da ka yi Allah ya ba da lada, ba wanda zai ce ka kori jininka.

Amma yaronka yana da gaskiya. Duba inda Allah ya ajiye ka mana, Kebbi fa ba Hausa da Fulani kaɗai ba ne, ga Zabarmawa da Dandawa ta wajen Kamba, ga Dakarkari a ƙasar Zuru, ga Kambari da Gungawa a Yauri, duk manoma ne kuma duk suna cin shinkafa, to ranar da wani ya tsallako daga Gaya ko Dosso ta Nijar yana ciniki da Zabarmanci yana lissafi da sefa, wa zai tare shi a cikin mutum 14 ɗin nan? Wanda ya ji yarensa a bakin kashiyarka gobe ma wurinka zai dawo, har ya jawo wani.

Maganar mata kuwa ita ta fi damuna wallahi. Su ke gumin shinkafa tun kafin a san inji, su ke dafawa, daga an zuba a tukunya sun san wadda za ta caɓe da wadda tsakuwa ta yi wa yawa, amma sai ka ga inji guda ba mace ko ɗaya da ake tambaya kafin a ɗinke buhu. Wannan asara ce.

Sannan akwai abin da ɗan uwa ba zai iya ba. Ɗan ƙaninka ba zai dubi idonka ya ce Baba lissafin nan da gyara ba, kunya ba za ta bar shi ba, kai ma in ya yi wasa da aiki ka san sai an yi zaman gida kafin ka tsawata.

Sai dai ɗauka daban, riƙewa daban. In ka ɗauki Badakkare ka ba shi albashi ƙasa da na ɗanka alhali aikinsu ɗaya, ko ana yanke shawara a zaure bayan isha'i shi sai dai ya ji da safe, to ba ka yi komai ba, wata uku zai tafi. Mai zuwa Juma'a a ba shi lokacinsa, mai zuwa coci ran Lahadi shi ma haka, mata a yi musu banɗaki nasu da wurin shayarwa. Mai keken guragu da ya iya kwamfuta zai riƙe maka aikin akanta tsaf, abin da yake buƙata kawai a yi gangare a ƙofar ofis maimakon matakala. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu buƙata ta musamman, kason bai hau kanka ba amma hana wariyar da ke cikinta ya shafi kowa.

Kada ka sallami kowa Alhaji. Gurbin da zai buɗe nan gaba, ka sa a yi cigiya har Zuru da Kamba, ka gwada kowa a kan sikeli da littafin lissafi, wanda ya fi iyawa ka ba shi, in taron ma'aikata ya zo kuma ka fara jin ta bakinsa kafin 'yan gida su yi magana.