Turarena ya canza ƙamshi kafin a sauko Juma'a: jabu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi turaren maza a kasuwar Kejetia, mai shago ya ce irin mai yaji da ƙamshin itace ne. A shagon lemo da masoro na ji. Ranar Juma'a na fesa, kafin in dawo daga masallaci ya koma wani ƙamshi mai nauyi, kamar katako. Ko jabu aka ba ni? (Mai karatu daga Aboabo, Kumasi)

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, wannan canjin kaɗai ba ya nuna jabu. Irin wannan turare hawa-hawa ake haɗa shi, kowane sinadari da saurin tashinsa.

Lemo da masoron da suka fara dukan hancinka ba su da nauyi, cikin minti 15 zuwa 30 sun kama gabansu. Daga nan kayan yaji masu ɗumi su karɓa: kanumfari, kirfa, wani lokaci citta. Idan ka ji ƙamshin ya tuna maka da kunun zaƙi, su ne.

Abin da ka kira katako kuwa shi ne ainihin abin da ka biya wa kuɗi. Ƙamshin itacen sandal yana da laushi da ɗan maiƙo; mafi suna na Mysore ne a Indiya, ko da yake yanzu ana noma shi sosai a Ostireliya. Itacen sidar a bushe ƙamshinsa yake, shi ne kake ji idan ana fiƙe fensir. Akwai kuma saiwar wata ciyawa, 'yar'uwar jema, wadda Haiti ta yi fice wajen tatsar manta, mai ƙamshin ƙasa da ɗan hayaƙi. Al'ud shi ne babba. Daga bishiyar Aquilaria ta kudu maso gabashin Asiya ake samunsa, kuma sai ta ji rauni ta kamu da cuta take fitar da ƙaron mai ƙamshi. Saboda tsadarsa, yawancin kwalabe masu araha na haɗi ne a ciki, kuma ni ban ɗauki hakan aibi ba idan an iya haɗin. Wani turaren maza mai suna Terre d'Hermès, wanda ya fito a 2006, haka yake tafiya: lemo, masoro, sannan sidar da saiwar nan.

Zafin Kumasi yana gaggauta wannan tafiya, yana kuma ƙara wa yaji ƙarfi. Feshi biyu sun isa, don Allah, a tausaya wa na kusa a sahu. Da hunturu fata kan bushe ta kasa riƙe ƙamshi, sai ka fara shafa ɗan man kaɗanya tatacce marar wari.

Wanda zan yi wa zargi shi ne turaren da ke buɗewa da warin sifirit mai hawa kai, ya ɓace ƙurmus cikin awa guda. Gaba idan za ka saya, fesa a hannu, kada ka murza, je ka gama cefanenka. Bayan awa biyu ka shinshina, idan ya kwanta maka ka koma ka biya.